Maɓallin da Aka Hana Baba Taɓawa

Sau uku ke nan Auta tana goge teburin nan tun da ta buɗe shago, alhali ko ƙwayar ƙura babu a kansa. Ta goge, ta je bakin ƙofa ta leƙa titi, ta dawo ta miƙe wayar da ba ta lanƙwashe ba, ta sake komawa bakin ƙofa. Mahaifinta na zaune a kujerarsa ta ƙarfe yana bin ta da ido har wuyansa ya gaji.

"Auta, in kin gama cinye simintin da ƙafa ki gaya mini, in aika a kira magini."

"Ƙarfe tara ta ce, Baba. Ga shi har da kwata."

"Sista ce fa. Shekara talatin tana sa marasa lafiya jira a benci, yau ne za ta tuba?"

Shagon nasa ne a da. Shekara arba'in ya yi a ciki yana gyaran rediyo da talabijin, har kowa a layin ya manta sunansa, sai dai Mai Rediyo. Da ido ya fara dusashewa, kunne ya yi nauyi, hannu kuma ya soma rawa, sai autarsa ta karɓa. Ta kwashe gawarwakin talabijin da suka cika bayan shago, ta sa tebura biyu, ta koma juyar da tsofaffin kaset da faya-fayan bidiyo zuwa kwamfuta, don masu abin su samu su kalla a waya. Shi kuwa bai fasa zuwa kullum da safe ba, da ƙaramin sukuddireba a aljihun gaba, kamar wanda ake shirin kira aikin gaggawa.

Yana da wani sunan kuma, wanda ba a faɗa sai ya juya baya: Baba Ƙure. Ba kuma sharri aka yi masa ba. A zamaninsa abokin gaba ɗaya ne, raunin sigina. Tasha na nesa, eriya a kan dogon ƙarfe, hoto duk yashi, don haka kowane maɓalli ya shiga hannunsa sai ya murɗa shi dama har ya tsaya. Rediyo a ƙure, fanka a ƙure, famfon gida ma sau biyu ana canza masa kai. Bara Auta ta fita amsa waya ta bar faifan wani mutum yana juyawa, kafin ta dawo Baba ya taimaka mata irin nasa taimakon. Sai da ta sake aikin daga farko. Tun ranar ta kafa wa mai shago doka a shagonsa: ya zauna, ya sha shayi, ya yi hira da masu zuwa, amma ƙaramin baƙin akwatin nan mai maɓalli ɗaya, ko da wasa kada ya kai masa hannu.

Akwatin bai fi sabulun wanki girma ba. Waya ɗaya ta fito daga cikin na'urar kunna faifai, daga daidai idon da ke karanta faifan da haske, ta shiga cikinsa, wata kuma ta fita ta shiga kwamfuta. Aikinsa ya ƙara wa sigina ƙarfi kafin kwamfuta ta ɗauka. A fuskar kwamfuta siginar kan fito kamar koren zare mai rawa tsakanin jajayen layuka biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In ƙarfin ya yi kaɗan, zaren ya sirance a tsakiya, hoto ya fito da yashi. In ya yi yawa, zaren ya bugi jajayen layukan, kwamfuta ta aske duk abin da ya wuce, kuma abin da ta aske ba ya dawowa ko da za ka yi kukan jini. Auta ta biya wannan karatun ya fi sau ɗari, ga Baba, ga masu kawo aiki, har ga telan da ke maƙwabtaka da ita, wanda bai taɓa tambaya ba. Kullum da magana ɗaya take rufewa: "A bar masa sarari. Gara yashi da aski."

Tara da rabi Sista ta shigo tana haki, rungume da wani faffaɗan abu da ta naɗe a tawul. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, aminiyar marigayiya mahaifiyar Auta, tare suka yi makaranta tare suka yi aiki.

"Wayyo gwiwata! Mai Rediyo, kana nan da ranka? Ke kuma karɓi a hankali, ba faranti ba ne."

"Sannu da zuwa, Inna. Zauna, ga kujera."

Ta ce ga kujera, amma ko kallon kujerar ba ta yi ba. Kwana uku ke nan da Sista ta kira ta a waya, kuma tun lokacin abinci ba ya yi mata ɗanɗano. Makarantar koyon jinya ce ke kwashe tsohon ɗakin ajiya, aka tara shara a tsakar fili, Sista ta je wucewa ta hangi kwalin wani faifan bidiyo ta gane shi. A can baya wasu masu ɗaukar hoto sun taɓa zuwa suka ɗauki darussa, aka buga su a faifai don koyar da ɗalibai. Darasi na shida, wankan jariri, mahaifiyar Auta ce ta koyar.

Auta tana da shekara biyu mahaifiyarta ta rasu. Abin da ta gada hotuna biyu ne: ɗaya na katin aiki wanda hatimi ya cinye rabin fuskar, ɗaya kuma na taro, inda sai an ɗora yatsa an ce ga ta nan a layin baya. Yayyenta maza uku sun san ta. In an zauna sukan ce, "Ka tuna yadda Mama take cewa kaza?" su kwashe da dariya, ita kuma ta yi murmushin baƙo a gidan mutane. Shekararta talatin da takwas, ba ta san muryar wadda ta haife ta ba, kuma wannan abu yana mata ciwo fiye da yadda take nunawa.

Ta zare faifan daga kwali. Faffaɗa ne kamar tire, mai ƙyalli, amma tana juya shi ta ga matsala. Daga ramin tsakiya wata siririyar tsaga ta miƙe, tsawon farce. Sannan fuskar faifan ta dusashe, ta yi wani hazo-hazo mai ruwan ƙasa.

"Ƙarƙashin karyayyun kujeru na zaro shi," in ji Sista. "Sauran duk sun farfashe. Zai yi dai ko?"

Auta ta shiga lissafi. Irin wannan faifan yana juyawa sau dubu da ɗari biyar a minti ɗaya, kuma tsaga ba ta son gudu. Ka'idarta a kowane aiki ita ce ta fara gwaji: ta kunna farko, ta kunna tsakiya, ta kunna ƙarshe, ta ga inda sigina ta fi ƙarfi, ta daidaita maɓalli a kan wannan, sannan ta ɗauka. Yau babu gwaji. In faifan ya yarda ya juya sau ɗaya, an gode Allah. Ga shi na'urarta tsohuwa ce, sashen da ke fitar da hoto a talabijin ya ƙone tuntuni, ya tafi da sashen tsallake darasi. Daga farko take ɗauka ta bi tiryan-tiryan, daga ciki zuwa baki, kuma ba abin da za a gani sai koren zare, har sai kwamfuta ta gama mayar da shi hoto bayan awanni. A bayan kwali an rubuta darasi na shida yana farawa a minti na ashirin da biyu.

"Mu gani," Baba ya ce, ya miƙo hannu.

Ta ba shi ba da son ranta ba, hannuwanta biyu a ƙarƙashin nasa kamar mai tare ƙwai. Ya ɗaga faifan wajen taga, ya ture tabarau goshi, ya kanne ido ɗaya, ya juya shi a hankali cikin haske.

"Ai ranar da aka ɗauki wannan darasin," Sista ta fara tana dariya, "ba zan manta ba, domin a cikinsa har da..."

Baba ya yi wani tari mai ƙarfi wanda bai fito daga ƙirji ba. "Sista, shayinki zai huce."

Sista ta dube shi, ta dubi Auta, ta ɗauki kofi ta cika bakinta da shayi. Auta ba ta ko lura ba, idonta na kan yatsun da ke rawa a gefen faifan.

"Auta, wannan dusashewar fa ba ta kai..."

"Baba, don Allah kawo. Hannunka na rawa."

Ya ba ta. Bai ƙarasa maganar ba, ita kuma ba ta tambaya ba. Ta manna siririn zoben salatif kewaye da ramin, sama da ƙasa, ta kashe fanka don kada ta taso da ƙura, ta rufe ƙofa rabi. Zafi ya sauko nan take. Ta sa maɓalli a kan alamar da ta saba, ta juyo wajen mahaifinta, wanda ya riga ya jawo kujerarsa kusa da kwamfuta.

"Ka yi mini alkawari."

"Ni da shagona?"

"Baba."

"To, ga shi." Ya ɗaga cinya ya tura tafin hannu ɗaya, ya ɗaga ɗayar ya tura ɗayan, ya zauna a kansu. "Kin gamsu, ranki ya daɗe?"

Ta yi bismilla ta danna. Na'urar ta haɗiye faifan, ta yi gurnani, gurnanin ya koma siririn kuka. Koren zare ya bayyana.

Siriri ne, abin tausayi, bai cika kashi ɗaya cikin uku na sararin ba. Auta ta tsaya a kansa, ta zauna, ta miƙe. Minti ɗaya, minti biyu, zaren bai ƙara kauri ba. Ta san dalili, hazon da ke kan faifan ne ke cinye hasken. Ta kuma san abin da za ta gaya wa wani da a ce faifan na wani ne: a bar shi haka, gara yashi. Amma faifan ba na wani ba ne. Ta hango fuskar mahaifiyarta tana fitowa cikin yashi, kamar hoton taron nan da sai an ɗora yatsa, ta ji ba za ta iya ba. Ba ta jira shekara talatin da shida don ta ga yashi ba.

A minti na uku ta murɗa dama kaɗan. A minti na takwas ta ƙara. Zaren ya yi kauri, ya cika sarari, ya bar ɗan abin da bai fi faɗin yatsa ba sama da ƙasa, ya yi kyau a ido. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma duk wanda ya ga hannun Auta a kan maɓallin nan ya san 'yar wa ce. Baba ya buɗe baki, ya dubi gumin da ke bin wuyanta, ya rufe.

Minti na goma sha biyu keken tela ya tashi a bayan bango, teburin ya ɗauki rawa.

"Na shiga uku! Inna, don Allah!"

Sista ta manta da ciwon gwiwa. Ta fita, aka ji muryarta ta ɗakin masu haihuwa tana ratsa bango: "Kai tela! Ɗage ƙafarka daga kan abin nan, ana tiyata a nan!" Keken ya yi tsit. Ta dawo tana gyara mayafi, ta ce ta ba shi minti ashirin, in ya motsa ita da shi ne.

Wata babbar mota ta wuce, gilashin taga ya amsa. Auta ta dubi agogon bango, ta dubi na kwamfuta, kamar ɗaya zai fi ɗaya sauri. Ta je wajen na'ura ta kara kunne, ta dawo wajen zare, ta koma. Taku huɗu ne tsakanin teburan biyu, amma ta yi tafiyar da za ta kai mutum kasuwa.

A minti na goma sha bakwai kukan na'urar ya canza. Wani kar-kar-kar ya shigo ƙarƙashinsa, murfin ya fara karkarwa, sukurun da ke kan teburin suka soma tafiya da kansu. Tsagar ce ke buɗewa. Auta ta kifa tafukanta biyu a kan murfin ta danna da nauyin jikinta, ƙarar ta ragu. Ta sassauta kaɗan don ta gwada, ƙarar ta dawo da ƙarfinta. Shi ke nan, an ɗaure ta a nan. Daga inda take, gefen kwamfuta kawai take hange, sai ƙeyar Baba.

"Saura minti nawa a kai darasin, Inna?"

"Huɗu. A'a, uku da rabi. Wannan agogon naku daidai yake kuwa?"

Zafin na'urar na shiga tafukanta, rawar na hawa har haƙoranta. Gumi ya shiga idonta, ba hannun sharewa. A ranta roƙon faifan take yi kamar mai lallashin jaki a tsakiyar gada.

"Auta," Baba ya ce, "zaren nan yana ƙiba."

"Kar ka taɓa komai."

"Na ce yana ƙiba."

"Baba, na roƙe ka, kar ka taɓa!"

"Ashirin da biyu!" Sista ta ce, ta dafe ƙirji.

"Auta, ya taɓa ja."

Ta murɗa wuya iya murɗawa. Ta gefen gilashin ta hango jan haske yana ƙiftawa, yana ƙiftawa, bai tsaya ba. Ta ɗaga hannu ɗaya za ta yi tsalle, na'urar ta yi wata ƙara kamar za ta tofar da faifan, ta mayar da hannun da sauri. Shekara guda tana hana mutumin nan maɓallin nan, harshenta ya kasa juyawa ya ce masa taɓa. Shi kuma yana zaune a kan hannuwansa, yana kallon ja, yana jiran izinin da ba ya zuwa.

Sai ya zaro su. Ya kama wuyan hannun dama da na hagu don ya tsayar da rawar, ya ɗora yatsu biyu a kan maɓallin.

"Hagu, Baba! Hagu!"

"Na san hagu tun ba a haife ki ba."

Ya murɗa a hankali, a hankali, irin murɗawar wanda ya yi shekara arba'in yana laluben tasha mai nisa. Jan hasken ya ƙifta sau biyu ya mutu. Bai tsaya nan ba, ya ƙara ragewa har zaren ya samu sarari sama da ƙasa, sannan ya bar yatsunsa a wurin yana gadi.

Minti ɗaya ya wuce, biyu, uku. Kafaɗun Auta suka fara ciwo, hannuwanta suka mutu. Ana cikin minti na ashirin da bakwai aka ji ƙas, kamar an taka busasshen kara, na'urar ta yi tari ta tsaya. Koren zaren ya kwanta ya zama layi.

Da ta buɗe, tsagar ta ratsa faifan daga rami har baki. Ba zai sake juyawa ba har abada. Ta ajiye shi a kan tawul, ta je kwamfuta, ta duba abin da aka ɗauka. Kwamfuta ba ta da kunya, ta rubuta mata a fili: daƙiƙa goma sha huɗu an aske, daidai farkon darasi na shida.

Ta sa kwamfuta ta fara mayar da minti biyar ɗin nan hoto. Awa huɗu ta ce za ta ɗauka. Keken tela ya tashi, aka kunna fanka, Sista ta aika aka sayo abinci, ta ci nata ta ci rabin na Auta, ta jingina da bango ta yi barci baki buɗe. Auta kuwa ta koma sintirinta. Ta jera kaset ɗin da ke jere, ta naɗe wayoyi ta warware, ta leƙa layin da ke nuna yawan aikin da ya rage, ta same shi inda ta bar shi. Wani ya kawo kaset, ta ce ya dawo gobe ba ta ko tambayi na mene ne ba. Haushin kanta take ji, irin haushin da ba ka da wanda za ka sauke wa.

Can ta tsaya a bayan kujerar mahaifinta.

"Me ka so gaya mini ɗazu, a taga?"

"Dusashewar ba ta kai baki ba. Yatsa uku daga baki faifan garau yake, kamar jiya aka buga shi. Na san in ido ya fita daga hazo ya shiga wurin, sigina za ta yi tsalle."

"Me ya sa ba ka ƙarasa ba?"

"An ce hannuna na rawa."

Ta sunkuyar da kai. Da zagi ya yi mata da ya fi sauƙi.

Bayan azahar kwamfuta ta yi ƙara ta ce ta gama. Auta ta tashi Sista, ta jawo kujeru, ta sa ƙaramar lasifika a gefe ta rage sautinta yadda ta saba. Sai da ta share tafinta a zani sau biyu kafin ta danna.

Farin ɗaki ya fito, da tebur, da baho. Wata mace cikin fararen kaya tana tsaye tana fuskantar kyamara sosai. Amma baƙaƙen layuka da farare suna yaga fuskar daga kunne zuwa kunne, suna tsalle, kamar kyanwa ta yakushi hoton. Baki na motsi a bayansu, sai ƙarar tafasar mai ke fita. Auta ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi, tana neman ido, tana neman goshi, ba ta samu ba. Daƙiƙa goma sha huɗu tana ƙirgawa a ranta. A ta goma sha biyar hoton ya washe tas, daidai lokacin da matar ta sunkuya, kyamara kuma ta sauka kan baho. Ba ta sake hawa ba.

Hannuwa ne suka cika hoton. Dogayen yatsu, gajerun farata, agogo an juya fuskarsa ciki. Sai murya ta zo, ƙasa-ƙasa, da ɗan kaushi, ba ta sauri.

"Kafin komai, a gwada ruwan da gwiwar hannu. Tafin hannu ya saba da zafi, ƙarya zai yi miki."

Auta ta toshe bakinta. Ashe haka take. Ta sha ƙirƙira mata murya a ranta, siririya mai zaƙi, ashe ba haka ba ce ko kusa, kuma wannan ta fi.

Aka miƙo jariri a tawul, yana tsala ihu tun kafin ruwa ya taɓa shi. Hannuwan suka karɓe shi, ɗaya a ƙarƙashin ƙeya. Muryar ta ci gaba da bayanin yadda ake tallafe kai, yadda ake fara wanke fuska kafin jiki, amma ihun ya danne ta. Ta ɗaga murya, ihun ya ɗaga. Sai ta yi shiru, aka ga haɓarta da gefen kumatu sun shigo hoton ta sama, tana dariya. Ta manta da kyamara, ta ce a hankali:

"Haba 'yar Mai Rediyo, rage sauti mana. Ku a gidanku komai sai an ƙure?"

Sista ta fashe da dariya da kuka a haɗe. Auta ta daskare. 'Ya mace ɗaya Mai Rediyo ya haifa a duniya. Ta dubi ƙananan ƙafafun da ke harbin iska, ta dubi babban yatsan da ke shafa bayan kunnen jaririyar yana kewayawa, har ihun ya koma shessheƙa. Hoton ya tsaya cak a nan, inda faifan ya tsage.

"Baba?"

"Jaririn da aka shirya, mahaifiyarsa ta fasa a ranar. Ke kuma kina da sati biyar, kina goye a bayan Sista."

"Kun sani, ku biyun. Me ya sa ba ku gaya mini ba?"

"Ba ki sani ba ma ina kika kai maɓallin? Da kin sani ai da kin karya shi."

Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta. "Na aske mata fuska, Baba. Sau ɗaya ta kalli kyamara, na aske."

"Kin aske," ya ce, bai sassauta mata ba. "Ni ma ina zaune a kan hannuna ina kallo, ni da na ga abin tun a taga. Mu biyu muka yi." Ya ciro hankici ya miƙa mata, ya juya wajen Sista, wadda har yanzu take share ido tana dariya. "Wai me ta ce ne kuke ta dariya? Ni bakinta ma ban gani ba, balle in ji."

Sai a lokacin Auta ta lura da yadda ya zauna: ya karkato da kunnensa mai ɗan sauran ji wajen lasifikar, wuya a miƙe, hannuwa kuma ya mayar da su ƙarƙashin cinya. Minti biyar matarsa tana magana a gabansa, bayan shekara talatin da shida, bai ji ko kalma ɗaya ba, kuma bai kai hannu ba.

Ta mayar da hoton farkon darasi. Ta jawo lasifikar ta ajiye a gabansa, ta kama wuyan hannunsa ta zaro shi da kanta, ta ɗora yatsunsa a kan maɓallin sauti.

"Wannan naka ne, Baba. Ƙure shi."

Ya murɗa dama har ya tsaya. Keken tela ya yi shiru a bayan bango, masu wucewa suka waiwayo, muryar matarsa ta cika shagon ta fita har titi, tana ce wa 'yarsa ta rage sauti.